Rufin Rolar Injin Gurzar Auduga: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Ɗaura, Ka Kula Da Shi

A injin gurza mai rola, abin da ke kama silin auduga ya raba shi da angurya shi ne fata ko robar da aka rufe rolar da ita. Moto da giya da bel da wuƙaƙe duk hidimar wannan rufin suke yi. Idan ya yi daidai, auduga za ta riƙa zubowa shimfiɗe, fara tas, angurya kuma ta faɗo lafiya lau ba tsaga. Idan ya lalace, ko injin sabo ne fil, za ka ƙone man janareta a banza. Kuma shi kaɗai ne a jikin injin aka yi shi don ya cinye: kowace awa da injin ya yi yana aiki, rufin na raguwa.

Mu a Jihar Katsina gurza ba baƙuwarmu ba ce. Kamfanin Turawan Ingila na BCGA, wanda aka kafa a 1902, ya daɗe yana sayen auduga yana gurzawa a ƙasar nan, har yau ma sunan bai bar bakin mutanen Funtuwa ba. Sai dai manyan gidajen gurzar da muka gada galibi injin zarto ne, kamar yadda yake a yawancin Afirka ta Yamma. Makanikanmu sun ƙware a wasa zarto da daidaita haƙarƙarin inji. Injin rola biyu kuwa, irin wanda ake ƙerawa a Indiya ake kuma aiki da shi sosai a Tanzaniya da Yuganda, wani karatu ne daban. Yana jan hankalin mai matsakaicin jari saboda moto mai ƙarfin doki 5 ya isa ya juya guda, ana iya farawa da ƙwaya biyu ko uku a ƙara a hankali, kuma ba ya karya dogon sili yadda zarto ke yi. Wanda zai ɗauko kaɗa daga Malumfashi ko Bakori ko Ƙanƙara ya gurza da irin wannan inji, to, ilimin rufin rola ya zame masa dole.

Ka fara da gane aikin da rufin ke yi

Ka tuna yadda iyayenmu mata ke gurza a kan magurji: dutsen ya riƙe silin, ƙarfen ya tura anguryar gaba. A inji, rufin rola shi ne ke matsayin dutsen, illa dai shi juyawa yake yi. Rolar na manne da wata wuƙa ta tsaye, an danna ta da nauyi. Idan auduga ta taɓa rolar, kaushin rufin zai ja silin ya shige ƙarƙashin wuƙar, anguryar kuma ba ta iya wucewa, sai ta tsaya a bakin wuƙar. Nan wata wuƙar mai kai da komo za ta riƙa bugunta har ta rabu da silin ta faɗa ta raga. Wani Ba'amurke mai suna Fones McCarthy ne ya yi rajistar wannan dabara a 1840, kuma injin rola biyu na yau a kanta ya ginu. A irin wannan inji rola na zagayawa kusan sau 90 zuwa 100 a minti, wuƙar bugu kuma na kaiwa da komowa kusan sau 1,000.

Daga nan za ka ga abubuwan da ake nema a rufi. Ya kama sili fiye da yadda wuƙar ƙarfe ke riƙe shi, in ba haka ba silin zai tsaya cak. Ya jure zafi, domin gogayya da ƙarfe awa goma ba wasa ba ce. Ya ɗan lotsa kaɗan don kada ya niƙe silin, amma kada ya yi laushin da angurya za ta nutse a ciki. Sannan idan zai cinye, ya cinye bai ɗaya daga wannan kai zuwa wancan.

Abubuwan da ake rufe rola da su

A da can, fatar walras aka fi so, wata ƙatuwar dabbar teku mai haure da ke zaune a yankin ƙanƙara. Fatarta na da kauri da kaushi na halitta. Da ta yi wuyar samu sai aka koma kan fatar ɓauna da ta shanu. An kuma gwada takarda da aka matse, da ɓawon kwakwa, da zallar roba. Yau dai abin da zai zo gabanka uku ne.

Na farko fatar da aka jeme da sinadarin kurom. Ita ce ta cika kasuwar Indiya, kuma idan ka sayi injin rola biyu sabo, mai yiwuwa da ita zai zo. Ana yanka ta faifai-faifai, a haɗa 'yan yadudduka a ɗinke su zama faifai guda mai kauri, da rami a tsakiya. Za ka gane ta da launinta, shuɗi-shuɗi mai ratsin toka. Ƙarfinta shi ne juriyar zafi: fatar da ta sha kurom sosai tana iya shiga tafasasshen ruwa ta fito ba ta ƙanƙance ba. Tana kama sili da kyau, tana da araha, kuma kowane makanikin da ya koyi aikin zai iya gyara ta. Aibinta biyu. Tana yin santsi, don haka kullum ana cikin sake yi mata tsaga, wato layukan da ake yankawa a jikin rolar don su kama sili. Sannan ƙurar da take saki tana ɗauke da kurom, kuma wannan magana ce da zan dawo kanta, don ba ƙarama ba ce.

Na biyu yadin auduga mai kauri da aka manne yadudduka-yadudduka da roba. A Amurka, inda ake gurza doguwar audugar Pima da injin rola mai wuƙar juyi, wannan ne abin da aka dogara da shi, kuma cibiyar binciken gurza ta Mesilla Park a jihar New Mexico ta gwada rufi iri-iri ta ga ya fi fata saurin aiki. Can dogon ɗauri ne ake naɗewa a jikin rola mai kaurin inci 15. A Indiya kuma ana yin sa faifai-faifai don ya hau sandar da fata ke hawa. Hikimarsa ita ce robar ta fi yadin saurin cinyewa, sai bakin zaren yadin ya riƙa ɗan fitowa sama, kullum fuskar rolar na da kaushi. Ba shi da kurom, ya fi fata daɗewa, amma ya fi ta tsada a sayen farko, kuma ba ya yafe zafi. Idan aka bar shi ya yi zafi fiye da kima, robar ta yi danƙo, sili ya manne ya naɗe rolar. Akwai kuma rolar roba da aka ƙera ta yadda tsagarta ke sabunta kanta yayin da take cinyewa, aikin da cibiyar binciken fasahar auduga ta Indiya, CIRCOT, ta sa hannu a ciki. Wannan sai ka tambayi mai ƙera injinka ko ta dace da giyarsa, domin wasu na buƙatar a sauya saurin rola.

Na uku fatar da aka jeme da itatuwa, wato irin jimarmu ta bagaruwa. Na san zuciyar duk Bakatsine za ta karkata nan, kuma da dalili: fata muna da ita, majema muna da su, bagaruwa ga ta nan a daji, ba sai an nemi dala ba, ba kuma kurom. Amma gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce fatar jimar itace tana fara ƙanƙancewa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, wajen digiri 70 zuwa 85. Bakin wuƙa a injin da ke aiki dare da rana na iya kaiwa nan. Sai fuskar ta ƙone, ta yi baƙi da ƙyalli, ta daina kamu. Kuma jimar da muka fi ƙwarewa a kai ta fatar akuya da tumaki ce, mai laushi, ta takalmi da jaka. Rola kuwa kirgin sa take so, mai kauri, wanda jima ta ratsa har tsakiyarsa. Ina ganin ya cancanci a gwada, ina ma fatan matasanmu masu karatun injiniya su ɗauki wannan aiki da gaske tare da majema. Amma gwaji a rola ɗaya ake yi, a gefe guda na inji ɗaya, ana kwatanta ta da 'yar'uwarta. Kada ka ɗora kakar gurzarka gaba ɗaya a kan abin da ba ka auna ba.

To wanne za ka ɗauka? Ga ra'ayina. Idan yanzu ka fara, inji biyu ko uku gare ka, kuma makanikinka bai taɓa aiki da roba ba, ka yi kakar farko da fatar da injin ya zo da ita, ka koyi saiti, ka tsare ƙura da gaske. Daga kaka ta biyu ka sa yadi mai roba a inji guda, ka rubuta abin da kowanne ya gurza. Idan kuwa mai sayen audugarka zai fitar da ita waje, ko anguryarka matsar mai za ta tafi, ka gaggauta barin kurom. Masu saƙa da ke bin OEKO-TEX, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na tantance sinadarai masu cutarwa a yadi, suna da iyakar kurom da suke yarda da shi a yadi, kuma ba ka son a gano shi a dilar da ke ɗauke da sunanka. Lissafin kuma kada ka tsaya a kuɗin saye. Ka haɗa kuɗin rufin, da ladan mai tsaga, da awannin da inji ya tsaya ana gyara, ka raba da kilon audugar da rufin ya gurza kafin ya mutu. Wannan adadin ne farashinsa na gaskiya.

Idan kaya sun iso

Ka yi oda tun damina na tsakiya. Kaya daga Indiya sai sun bi ruwa, sun fito ta Legas, sun hau mota, kuma auduga ba ta jiran kowa idan Nuwamba ta shigo. Kafin ka yi odar ka auna abu uku a injinka: tsawon rola, siffar sandar ƙarfen da faifan ke hawa, da kaurinta. Injin da aka fi yayi shi ne mai rola inci 54, wato kusan milimita 1,370, akwai kuma mai inci 60 da ƙanana. Sandar ba zagayayya ba ce, mai kusurwa ce, don kada faifai ya zame ya riƙa juyi shi kaɗai. Idan ramin faifan ya fi sandar girma ko da kaɗan ne, rolar ba za ta taɓa zama daidai ba.

Ka buɗe buhunan ka duba faifai ɗaya-ɗaya. Wanda ɗinkinsa ya saki, ko mai fumfuna, ko mai tabon mai, ko wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ka ware shi. Idan kana shakkar irin jimar, yanki ɗan guntu ka jefa a tafasasshen ruwa na 'yan mintuna: mai kurom zai fito kusan yadda ya shiga, na jimar itace zai murɗe ya taurare. Wannan gwajin zai kuma tona maka fatar da aka yi wa jimar ha'inci.

Sai abin da littafin kamfani ba zai gaya maka ba, don ba a Katsina aka rubuta shi ba. Fatar da ta kwana makonni a cikin jirgin ruwa ta sha danshi. Idan ka matse ta a sanda ranar da ta iso, hunturu zai busar da ita a jikin injin, ta ƙanƙance, faifan su saki, tazara ta buɗe tsakaninsu, sili ya riƙa cusuwa. Ka baje su a inuwa, a ɗaki mai iska, su yi kwanaki su saba da busasshiyar iskarmu tukuna. Ban da rana kai tsaye, tana fasa fata.

Ɗaurawa da matsawa

Wanke sandar, goge tsatsa, ka mirgina ta a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ka tabbatar ba ta lanƙwashe ba. Sanda mai lanƙwasa ko gashi guda ce, za ta cinye rufin gefe ɗaya ta kuma kashe boris. Ka kafa farantin ƙarfe na kai ɗaya, ka tsayar da sandar a injin matsa mai aiki da matsin mai.

Yawan faifai ya danganta da kaurinsu. Ka raba tsawon rola da kaurin faifai, ka ƙara wasu a kai domin matsa za ta rage tsawon. Ga rolar inci 54 da faifai masu kaurin kusan milimita 18, lissafin na kaiwa wajen 80.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zura faifan duka a matse su sau ɗaya. Idan aka yi haka, na kusa da bakin matsa za su taurare, na can ƙasa su zauna da laushi, sai ka sami rola mai hali biyu: rabi na santsi, rabi na cinyewa da wuri. Ka zura kaɗan-kaɗan, goma ko sha biyu, ka matse, ka duba agogon matsa, ka ƙara wasu, ka matse su da ƙarfi iri ɗaya. Ka gauraya masu ɗan tauri da masu ɗan laushi don kada iri ɗaya su taru wuri guda. Idan ka gama, ka bar ta cikin matsa ta kwana, washegari ka sake dannawa, sau da yawa za ka ga wurin faifai ɗaya ko biyu ya buɗe. Ka cike, sannan ka kulle farantin ƙarshe.

Ƙarfin matsar da ya dace na wurin mai ƙera faifan, ka tambaye shi a rubuce. Idan kana da ma'aunin tauri ka bi tsawon rolar kana dannawa, ka ga adadin bai yi tsalle ba. Idan babu, kan sukundireba mara kaifi da hannu ɗaya, na mutum ɗaya, zai nuna maka inda ya lotsa fiye da sauran.

Mai ko giris kada ya kusanci rufi, ko na fata ko na roba. Yaron da ya gama shafa wa boris giris ya wanke hannu kafin ya taɓa rola.

Feƙewa da tsaga

A kai rolar injin feƙe ƙarfe a sassabe ta har ta zama zagaye sumul, kaurinta ɗaya daga kai zuwa kai. Sabuwar rola kan tashi tsakanin milimita 170 da 180. Rololi biyun da za su hau inji ɗaya a feƙe su kauri ɗaya, domin mabugi ɗaya ne a tsakiya ke ɗauke da wuƙaƙen bugun duka biyun, ba ya iya gamsar da babba da ƙarama lokaci guda.

Tsagar ita ce ran rolar fata. Layuka ne da ake yanka a jikinta a karkace, suna naɗe ta kamar murɗin igiya, zurfi da faɗi wajen milimita 2. Su ne ke cafkar sili su shigar da shi ƙarƙashin wuƙa, kuma ta cikinsu ƙananan datti ke samun hanyar wucewa. Dalilin karkatar shi ne kada tsagar ta haɗu da bakin wuƙa gaba ɗaya a lokaci guda ta yi karo. Ana yi da zarton hannu na musamman ko da ɗan injin tsaga. Ka yi alama da alli kafin ka yanka don tazarar ta zama ɗaya, ka bi tazarar da littafin injin ya bayar. Tsagar da ta yi faɗi tana haɗiye ƙananan angurya ta kai su ƙarƙashin wuƙa a fasa su. Wadda ba ta yi zurfi ba kafin la'asar ta shafe. Kuma yayin da rola ke ƙanƙancewa, ka rage yawan layukan, don tazarar da ke tsakaninsu ta zauna yadda take.

Yadi mai roba ba ya bukatar wannan hidima a kai a kai. Wasu nau'o'in ma ba a yi musu tsaga sam.

Ɗorawa a inji

Kafin rola ta hau, ka shafa bakin wuƙar tsaye da yatsa, inji a kashe. Duk wani tsini ko gurbi da ka ji zai zana layi a sabon rufinka cikin awa guda. A gyara da magagari da dutsen wasa, ko a sauya wuƙar.

Ka daidaita rolar ta manne da wuƙar bai ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: ka saƙa 'yar takarda tsakaninsu a kai, a tsakiya, da ɗaya kan, ka ja. Ƙarfin riƙon ya zama iri ɗaya a wuri ukun. Sai ka saita yadda wuƙar bugu ke haurawa kan ta tsaye. Wannan da tsawon silin audugarka ake auna shi, tsakanin sulusi da rabin tsawon. Ire-iren auduga na SAMCOT da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar ba tsawonsu ɗaya ba, kuma abin da ake kawowa daga kasuwa sau da yawa gauraye ne, don haka idan lodi ya sauya ka ja sili da hannu ka duba kafin ka ci gaba da tsohon saiti.

Sabon rufi a lallaɓa shi. Ka fara da nauyi kaɗan a kan sandunan danna rola, auduga na shiga, ka ƙara a hankali har fuskar ta zauna da wuƙar. Doka guda kuma wadda ba ta da togiya: rola ba ta juyawa a danne babu auduga. Silin da ke wucewa shi ne ke raba rufi da ƙarfe, shi ne kuma ke kwashe zafi. Minti kaɗan na juyin banza ya isa ya ƙone fata ko ya narkar da roba. Idan auduga ta yanke, a ɗage nauyin ko a kashe injin.

Kula da shi a tsakiyar kaka

Rabin lafiyar rufi daga abin da ake zuba masa take. Tsakuwa, ƙusa, guntun waya, duk suna huda shi, kuma ƙarfe ko dutse da ya haɗu da wuƙa na iya tayar da tartsatsi a ɗakin da ke cike da auduga. Ka sa injin share datti a gaba, in babu ka sa mutane su tsince. Babbar annobarmu ita ce zaren buhun leda. Manomi ya zuba kaɗa a buhun taki, zaren ya shiga ciki, ya iso rola mai zafi ya narke ya manne, ko ya wuce cikin dila ya ɓata wa masaƙa rini. Ka raba wa masu kawo maka kaya buhun yadi ko na algarara, ka ɗan fifita farashin wanda ya kawo tsabtatacciya. Kuɗin zai dawo maka ta rola.

Danshi ma abin lura ne. Auduga na gurzuwa da kyau idan danshinta na wajen kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. A Janairu, hunturu na busar da ita ƙasa da haka, sili ya yi ta karyewa, ya riƙa mannewa a ƙarfe. Ana ɗan yi mata feshin ruwa mai laushi kamar hazo, a bar ta ta kwana ya ratsa. Ban ce a kwara mata ruwa don ta yi nauyi a sikeli ba, wannan ha'inci ne, kuma jiƙaƙƙiyar auduga na toshe wuƙa ta kumbura fata.

Mai zuba auduga ya baje ta tsawon rolar duka. Idan ya saba jibga ta a tsakiya, tsakiyar ta cinye ta yi kwari, kawunan kuma su ƙone don ba abin da ke wucewa ta nan. Lokaci-lokaci a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan rolar a duba ko haske na wucewa. In ta yi kwari, a mayar da ita injin feƙewa.

Rolar da kanta tana gaya maka halin da take ciki. Fuska ta yi ƙyalli, aiki ya ragu: lokacin tsaga ya yi, kuma inda ake aiki dare da rana hakan na zuwa kusan kullum ko bayan kwana biyu. Ka ajiye rololin canji da aka riga aka tsaga, don inji ya tsaya na mintuna kawai. Fasasshiyar angurya a cikin auduga: duba faɗin tsaga, da tazarar wuƙaƙe, da ko rolar ta yi kwari. Angurya na fita da sili da yawa a jikinta: nauyin danna rola ya yi kaɗan, ko haurawar wuƙa ba ta isa ba. Warin ƙuna: nauyi ya yi yawa ko zubi ya yi kaɗan. Makaniki mara haƙuri idan aiki ya ragu sai ya ƙara nauyi, alhali tsaga ake bukata, sai ya sami zafi a maimakon auduga. Ka sayi ɗan ma'aunin zafi irin na haskawa daga nesa, ba shi da tsada. Rufin roba kada a bar shi ya wuce wajen digiri 100, kuma fankar da ke hura wa rola iska na ƙara masa kwana.

Yaushe za a sauya

Masu inji kan so su ja rola har sai ta kusa ƙarewa, wajen milimita 115 zuwa 120. Ka yi wannan lissafin da kanka. Rola mai kaurin milimita 175 da ke zagayawa sau 100 a minti, fuskarta na tafiyar mita 55 a minti. Idan ta koma 120, tafiyar ta zama mita 38 ba cikakku ba. Kusan sulusin saurin jan sili ya tafi, alhali man janareta da albashin ma'aikata na nan yadda suke. Idan auduga ta taru a sito kuma mai saye na jira, sauya rola da wuri ya fi riba. Tsofaffin a ajiye su don ƙarshen kaka, lokacin da kaya suka yi ƙaranci. Ka buɗe littafi, kowace rola da lambarta: ranar da ta hau, kaurinta duk mako, da kilon da injin ya fitar.

Ƙurar da tsohuwar fata

Fatar da ta ɓace tsakanin milimita 175 da 120 a rolar inci 54 ta kai kusan lita 17. Inji ɗaya rola biyu gare shi. Wannan fatar ba ta bar ginin ba: ta zama gari, ta shiga auduga, ta shiga angurya, ta shiga iskar da ma'aikata ke shaƙa. Masu bincike a Indiya sun auna sun sami kurom a auduga da angurya da iskar gidajen gurza masu aiki da wannan fata. Kurom ɗin jima shi kansa ba shi ne mafi muni ba, amma zafi mai tsanani da ƙonewa na iya juya shi zuwa wani nau'in da ke cin fata, ya yi gyambo a hanci, kuma an tabbatar yana jawo sankarar huhu. Ƙurar auduga ita kaɗai ma tana kawo ciwon ƙirji ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Anguryarmu kuma mun san inda take zuwa: man girki da abincin shanun kiwo.

Saboda haka mai tsaga da mai feƙewa su sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ba ƙyalle ba, da safar hannu. A yi tsaga a wani ɗaki daban mai iska, nesa da tarin angurya. A share garin da jiƙaƙƙen tsumma ko injin zuƙa, kada a hura shi da iska. A ware wurin cin abinci, a ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Yaran da ke aikin nan 'ya'yan mutane ne, amana ce a hannun mai gida, kuma da yawansu ba su san abin da ke cikin shuɗiyar fatar ba sai an gaya musu.

Guntayen faifan da aka cire kada a ba masu shayi ko masu gashi su hura wuta da su, kada a bar ma'aikata su ji ɗumi da su da asubar hunturu, kada kuma a zuba su a rami kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo. A tara su a buhu a rufe a busasshen wuri, a tuntuɓi hukumar kula da muhalli ta jiha kan inda za a kai su. Idan kaka ta ƙare, a sauke nauyi daga kan rololi, a ciro su, a naɗe da yadi, a ɗora su ta kawunan sandarsu a kan katako yadda rufin ba zai taɓa ƙasa ba. Fata a tsare ta daga danshin damina da ɓera da gara, roba kuma daga rana da zafin kwanon rufi na watan Afrilu.